Yadda 'yan kasuwarmu na Legas za su kafa zauren musayar ilimin ingancin kaya

A daminar wata shekara na buɗe buhunan wake da na ajiye a wani sito kusa da Iddo, na tarar layin ƙasa gaba ɗaya ya sha danshi, ƙwayar ta canja launi, wari kuma ya fara tashi. Waken ya baro Dawanau a bushe ƙarau, don da haƙorina na gwada shi kafin a yi lodi, saboda haka sai na ɗora laifin a kan direba da tamfol ɗinsa. Bayan 'yan kwanaki, muna zaune bayan sallar la'asar, wani dattijo da shagonsa ke kallon nawa ya gaya mini cewa ya fi shekara goma bai ɗora buhu a kan siminti ba, kuma ba ya bari buhu ya jingina da bango, domin simintin Legas yana gumi ko da ba a yi ruwa ba. Ban ga laifinsa ba, tun da ni ban taɓa tambayarsa ba, shi kuma bai taɓa samun wurin da ake irin wannan magana ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, maganin asarar da ta cinye mini ribar watanni yana nan taku ashirin daga ƙofar shagona, a kan mutumin da muke sallah sahu ɗaya.

Haka ilimin ingancin kaya yake a tsakaninmu. Akwai shi da yawa, amma a warwatse yake, kowa ya saye nasa da asara, kowa kuma ya riƙe abinsa. Mai saye kuwa ba ya rarrabe mu. Matar da ta sari wake a hannun mutum ɗaya ta ji warin magani ba za ta ce waken wane ba ne, cewa za ta yi waken Arewa ne, ta kuma gaya wa 'yan uwanta haka. Ƙasashen waje ma haka suke yi mana hukunci. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari mai sinadarin dikulobos, wanda a dokarsu bai kamata ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo ba, daga baya kuma aka yi ta tsawaita hanin. Hanin bai ware wanda ya zuba magani daga wanda bai zuba ba. Karin maganar nan da ke cewa wake ɗaya ke ɓata gari ta tabbata a kanmu.

Muna da ƙungiyoyi a Mile 12 da Agege da sauran kasuwanni, kuma suna aiki mai amfani wajen rabon rumfa, sasanta rikici, tsayawa gaban hukuma, da kai gawa gida idan ta Allah ta kasance. Sai dai ba kasafai ake zama a cikinsu don a tattauna dalilin da ya sa kwandon tumatir ya iso rabinsa ruwa ba. Zauren da nake bayani a kai ƙaramin zama ne da wannan kaɗai ya sa a gaba, kuma ba kishiyar ƙungiya ba ne. Manyan kamfanoni sun daɗe da gane amfanin irinsa. Majalisar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta Legas tana nan tun 1888, Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya kuma tun 1971, kuma cikin abin da mambobinsu ke samu har da koyo daga juna. A Japan, tun daga 1962 ma'aikatan masana'antu suka riƙa zama rukuni-rukuni, 'yan mutane kaɗan a kowane rukuni, suna warware matsalar inganci ɗaya bayan ɗaya, abin da ake dangantawa da Farfesa Kaoru Ishikawa. Babu abin da suka yi da ya fi ƙarfin mai sayar da albasa.

Waɗanda za a kira

A fara da kaya iri ɗaya. Idan aka haɗa mai wake da mai tumatir da mai shanu a zama guda, hira za ta yi daɗi amma ba za a fita da komai ba, domin abin da ke kashe tumatir cikin kwana biyu dabam yake da abin da ke cin wake cikin wata uku. Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa. Idan aka fi haka, masu baki ne za su cinye lokacin, masu sani su yi shiru.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara masu kaya zalla. Kayan da ya lalace a Legas sau da yawa tun a hanya ya fara lalacewa, ko a wurin lodi, ko a gona, saboda haka dole ne zauren ya ƙunshi hannayen da kayan ke bi. A nemi direba ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda suka saba ɗauko kayan, a nemi shugaban 'yan dako, a nemi mai kula da sito, a kuma sa wakilin da ke saye a Arewa ko da ta waya ce. Ɗan dako ya san buhun da aka ja a ƙasa da wanda ƙugiya ta huda, ya kuma san motar da ta taɓa ɗauko taki ko man fetur kafin a zuba mata abinci, alhali mai kaya yana zaune a rumfa bai ga ko ɗaya ba. Lokaci-lokaci kuma a gayyaci babban mai saye, ko matar da ke sara tana kai wa ƙananan kasuwanni, ko mai gidan abinci, a saurari ƙorafinsa ba tare da an kare kai ba. Idan harshe zai kawo cikas, a samu mai jin Yarabanci ya yi tafinta.

Kafin zama na farko a je a sanar da shugaban sashen kasuwa, a kuma sanar da Sarkin Hausawa idan al'adar wurin ta buƙaci haka, tare da bayyana musu cewa ba wata sabuwar ƙungiya ake kafawa ba. Wannan gaisuwar tana toshe zargi tun kafin ya taso. Shugaban zama ya kasance dattijon da ake jin nauyinsa kuma ba a taɓa kama shi da algus ba. Magatakarda kuwa ya kasance matashi mai haƙurin rubutu, wanda ya iya waya.

A fara daidaita ma'anar kalmar "mai kyau"

Aikin farko, kuma wanda zai fi cin lokaci, shi ne a yarda da abin da ake nufi idan an ce kaya mai kyau ne. Kowannenmu yana furta kalmar sau hamsin a rana, amma idan aka ajiye kwano uku na wake aka ce kowa ya jera su daga na gaba zuwa na baya, za a ga saɓanin da ba a zata ba. Wani girman ƙwaya yake dubawa, wani hasken fata, wani kuma rashin tsakuwa. Muddin ba a daidaita wannan ba, duk wata muhawara a kan inganci za ta koma gardama.

Hanyar da na ga ta fi sauƙi ita ce kowa ya zo da samfur daga kayansa, a zuba a kwanuka marasa suna, magatakarda kaɗai ya san na wane ne. Daga kowane kwano a ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, sannan a ware masu huda, da fasassu, da waɗanda suka canja launi, da na wani iri da ya gauraya. A auna kilo ɗaya a tankaɗe, a ga nauyin tsakuwa da ƙasa da ƙaiƙayin da ya fita. A sunsuna. Daga nan sai zauren ya yanke da kansa cewa lamba ɗaya ita ce wadda masu hudarta ba su wuce kaza ba cikin ɗari, lamba biyu kaza, abin da ya wuce haka kuma ba za a kira shi da ɗayansu ba. Ba na so in ba da adadin a nan, domin ya danganta da irin kayan da kuma wanda ake sayar wa, kuma adadin da mutane suka yanke da bakinsu shi suka fi tsayawa a kai. Abin da ake bukata shi ne a rubuta shi a takarda ɗaya, a ɗauki hoton kowace lamba, a kuma ajiye samfur a kwalba a rufe don komawa gare shi idan an yi saɓani.

Danshi yana buƙatar kulawa ta musamman a Legas. Hatsin da ya bushe a iskar hunturu ta Kano yana shigowa garin da iskarsa ke ɗauke da laimar teku, sai ya riƙa jan ruwa a hankali, musamman a watannin Yuni da Yuli. Haƙori yana gane hatsin da ya jiƙe sosai, amma ba ya gane wanda ke kan gaɓa. Masarar da za a ajiye ana so danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100, gyaɗa kuma ƙasa da haka sosai. Akwai ƙaramar na'urar auna danshi da ake soka wa a buhu ko a zuba mata hatsi, kuma ita ce abu na farko da ya kamata zauren ya haɗa kuɗi ya saya, a ajiye ta a hannun mutum ɗaya, kowa ya riƙa aro. Kafin a same ta, akwai gwajin gishiri. A samu kwalba busasshiya, a zuba hatsi kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe, a rufe, a girgiza, a bar ta ta ɗan jima, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai kai ajiya ba.

Sai kuma awo. Buhu ba ma'auni ba ne, domin cikar wani ta fi ta wani, mudu da tiya ma sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, a nan Legas kuma masu saye da gwangwanin derika da bokitin fenti suka saba. Zauren ya yarda cewa tsakanin mambobi da kilo za a yi magana, a kuma riƙa gwada sikelin kowa da dutsen awo guda da aka amince da shi. Mu da muka tashi muna karanta Suratul Muɗaffifina bai kamata sai wani ya zo daga waje ya koya mana wannan ba. Haka nan hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, a kan irin kayanmu da irin matsalarmu ya zo.

Littafin lodi

Kowane mamba ya buɗe littafi, ko da na 'yan makaranta ne. A kowane lodi a rubuta ranar da aka ɗora, kasuwar da aka sayo, wanda ya sayo, lambar mota, kwanakin da ta yi a hanya, halin da kayan ya iso, da yawan abin da aka zubar ko aka karyar ko mai saye ya dawo da shi. A kuma sa wa buhunan kowane lodi alama da fenti, yadda idan ƙorafi ya zo bayan mako uku za a san daga ina buhun ya fito. Mutanenmu suna da kaifin riƙe lissafi a ka, amma kai yana riƙe asara babba ne ya manta da ƙananan da ke maimaituwa, alhali su ne ke nuna inda ɓarakar take. Sai an jera lodi goma a takarda ake ganin cewa kayan wani wakili ne kullum ke zuwa da tsakuwa, ko kuma motar da ke tashi da rana tsaka ce tumatirinta ke isowa a narke.

Yadda zaman zai gudana

Zama ɗaya a mako biyu ya wadatar, kada kuma ya wuce awa ɗaya, a lokacin da kasuwa ta lafa. A kowane zama matsala ɗaya za a ɗauka. Mai ita ya faɗi abin da ya faru daga littafinsa, sannan a riƙa tambayar dalili, idan aka samu amsa a sake tambayar dalilin wannan amsar, har a kai ga abin da hannu zai iya gyarawa. A ɗauki misalin tumatir da ya taso daga Kadawa ko Danja, ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,000. Ya iso a farfashe saboda na ƙasa ya danne. Ya danne saboda an jera kwanduna a kan juna, kwandon kuma ba ya ɗaukar nauyin na samansa, tsinkensa ma yana huda 'ya'yan. An kuma tsinke shi ya riga ya nuna jajir, saboda wakili ya saya a wurin wanda ya riga ya tsinka maimakon ya yi magana da manomi tun da wuri. Daga nan an samu abu biyu da za a gwada, wato tsinka yana fara sauya launi, da kuma zubawa a akwatin roba mai ramuka wanda ke ɗaukar kilo 20 zuwa 25, wanda idan an jera shi akwati ne ke ɗaukar nauyin akwati, ba tumatir ba.

Kada a ce kowa ya sauya gaba ɗaya. Mutum biyu su gwada a wani sashe na lodinsu, sauran kayan kuma a yi shi yadda aka saba, a mota ɗaya, rana ɗaya, don a samu abin kwatantawa. A zama na gaba su kawo sakamako da lissafinsa, har da kuɗin da gwajin ya ci. Akwatin roba, alal misali, yana da tsadar saye, kuma mayar da shi Arewa fanko yana cin kuɗin mota, saboda haka amfaninsa ya fi fitowa idan mutane da yawa sun haɗa akwatunansu suna juyawa. Wannan lissafi ne da mutum ɗaya ba zai iya yi shi kaɗai ba. Abin da gwaji ya tabbatar a ƙara shi a takardar zauren, abin da bai yi ba a rubuta cewa an gwada bai yi ba, don kada wani ya sake biyan kuɗin koyonsa.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da amana, domin ba ƙaramin abu ba ne ɗan kasuwa ya faɗi asararsa a gaban wanda suke neman mai saye ɗaya. Sharaɗi na farko shi ne abin da aka faɗa a zaure ba ya fita da sunan mai shi, kuma duk wanda ya yi amfani da shi ya janye wa ɗan uwansa mai saye ya fita daga zauren. Ina ba da shawara shugaba ya fara kawo tasa asarar a zaman farko, domin idan babba ya buɗe littafinsa, ƙarami ba zai ji kunyar buɗe nasa ba. Yadda ake magana ma yana da tasiri. Matashin da ya ga aibi a kayan dattijo ba zai ce kayan ba su da kyau ba. Zai ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, na'ura ta nuna danshin wannan lodin ya ɗan hau, ko za a bincika wurin yaran da suka yi awo a can?" Dattijon kuma ya amsa, "Madalla, ɗana, gara da ka gani kafin mai saye ya gani." Idan aka ɗora maganar a kan na'ura da littafi, mutuncin kowa ya tsira, gyaran kuma ya samu shiga.

Maganar maganin ƙwari

Akwai batu ɗaya da nake roƙon kowane zauren masu hatsi ya sa shi cikin zamansa uku na farko, ko da zai yi nauyi a baki. Zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi kai tsaye a cikin wake da masara yana cutar da wanda zai ci, kuma cikin masu cin akwai 'ya'yanmu, tun da daga buhun da muke sayarwa ake ɗebar na gida. Yawancin masu yin haka tsoron ƙwari ne ya kai su, kuma haka suka tarar ana yi. Saboda haka wa'azi kaɗai ba ya raba su da shi, sai an nuna musu abin da zai maye gurbinsa ba tare da jarinsu ya narke ba.

Abin da ya fi dacewa a gwada shi ne buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Afirka, tun asali ma saboda wake. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Idan aka cika shi da busasshen wake, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda dabam, ƙwarin da ke ciki suna shanye iskar da ta rage su mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Sharuɗɗansa su ne waken ya bushe sosai kafin a zuba, a duba ledar babu huda, kada a riƙa buɗewa, a kuma kare shi daga ɓera da ƙugiyar 'yan dako. Zauren ya sayi 'yan kaɗan, a cika su rana ɗaya da buhunan da aka saba, a ajiye wuri ɗaya a kan katako, bayan wata uku a buɗe a gaban kowa, domin gani ya kori ji. Idan kuma sito babba ne da sai an yi masa turaren kashe ƙwari, a kira wanda ya koyi aikin, kada a bar yaron shago ya yi, kada kuma kowa ya kwana a ɗakin.

Masu gyaɗa da masara suna da ƙarin abokin gaba, wato gubar afulatoksin da wata irin fumfuna ke haifarwa. Ba a ganinta da ido, dafuwa ba ta kawar da ita, tana kuma lalata hanta. Rigakafinta daga gona yake farawa, da shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, da tsince ruɓaɓɓu, da ajiya a bushe. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani abu mai suna Aflasafe da manomi ke watsawa a gona don rage ta. Mai kaya a Legas ba zai iya watsa shi ba, amma zai iya gaya wa wakilinsa ya fifita manoman da ke yi.

Wannan ya kawo mu ga igiyar da ke tsakanin Legas da Arewa. Duk abin da zauren ya yanke dole ya isa kunnen wanda ke saye a Dawanau ko Aliero, in ba haka ba an yi aikin banza. A buɗe zauren WhatsApp, a riƙa tura takardar lambobi da hotunanta, a kuma yi bayani da saƙon murya, tun da ba kowa ke da saurin karatu ba. Wakili ya turo hoton samfur da na awon danshi kafin a yi lodi. A kafa doka tun ranar farko cewa ba a tura komai sai abin da ya shafi kaya, domin na ga yadda siyasa da bidiyoyin da ba a san asalinsu ba ke binne saƙo mai amfani cikin yini ɗaya. Sannan wanda ya kawo lamba ɗaya a ƙara masa wani abu a kan farashi. Idan manomin da ya tsince tsakuwa da wanda bai tsince ba kuɗi ɗaya suke karɓa, ba wanda zai ci gaba da tsincewa.

Neman masana da hukumomi

Bayan zauren ya yi 'yan watanni yana da littafi da tambayoyi a rubuce, sai a nemi na waje. Cibiyar binciken adana amfanin gona, wato NSPRI, hedikwatarta tana Ilorin, tana kuma da rassa a Legas da Kano. Cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO tana Oshodi, ga masu son sarrafa kaya zuwa gari ko busasshen abu. Duk wanda zai ƙulla abinci a leda ya sa masa suna yana buƙatar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Hukumar SON ce ke fitar da ma'aunan kayayyaki na ƙasa, kuma yana da kyau a nemi na kayan da ake sayarwa a kwatanta shi da takardar zauren. Masu niyyar fitar da riɗi ko citta ko zoɓo ta tashar Apapa su tuntuɓi hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC tun kafin su tara kaya. A je a ƙungiyance da wasiƙa, domin jami'i ya fi sauraron mutum goma masu tambaya a rubuce. Gwajin ɗakin bincike ma, na ragowar magani ko na afulatoksin, ya fi sauƙi idan an raba kuɗinsa.

Za a ji ana ambaton ISO 9001. Ma'auni ne na duniya a kan tsarin kula da inganci, an fara fitar da shi a 1987, aka sake fasalinsa sau da dama, ciki har da na 2015. Ruhinsa shi ne ka san abin da mai saye ke so, ka rubuta yadda kake aiki, ka ajiye shaidar cewa haka ka yi, ka binciki tushen kuskure, ka gyara. Zauren da ya bi abin da na zayyana ya riga ya kama hanyar. Takardar shaidarsa kuwa tana da tsada kuma ana sake bincike a kai a kai, saboda haka kada a neme ta sai babban mai saye ya sharɗanta ta. A kuma sani cewa ƙungiyar ISO da ke Janiba ba ta ba kowa takarda da kanta, kamfanonin bincike masu izini ne ke bayarwa bayan sun zo sun duba aiki. Wanda ya ce zai kawo muku ita cikin mako ɗaya ba tare da ya taka sitonku ba, ku riƙe kuɗinku.

Abu ɗaya da zauren zai nisanta shi ne yanke farashi. Da zarar an fara cewa kada kowa ya sayar ƙasa da kaza, masu saye za su ɗauke shi a matsayin haɗin baki, amanar da ake ginawa ta rushe, kuma dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta haramta irin wannan yarjejeniya. Kuɗin zauren ya zama kaɗan, gwargwadon abin da zai sayi na'ura da biyan gwaji, ma'aji ya riƙa karanta lissafi a kowane zama. Rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC za ta iya jira har sai an ga buƙatar buɗe asusun banki da sunan zauren. Mamban da aka samu ya sayar da lamba biyu da sunan lamba ɗaya, mutum biyu su same shi a keɓe karo na farko. Idan ya maimaita a faɗa a zaure, idan ya sake a sallame shi cikin mutunci, domin ranar da masu saye suka fara tambayar lambar zauren da bakinsu, ita ce jarin kowa.

Ga masu hatsi, lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne Fabrairu ko Maris, kafin ruwan Legas ya kankama, yadda za a shiga damina da katako a ƙarƙashin buhuna, da na'ura a hannu, da littafin da ya riga ya ɗauki lodi biyar ko shida. Idan Oktoba ta yi, a ware zama guda a jera littattafan, kowa ya faɗi buhu nawa ya shigo da su da nawa ya karyar, a kwatanta sitocin da suka bi takardar da waɗanda ba su bi ba. A wannan zaman a zo da yaran shago su zauna a baya su saurara, tun da su ne ke jera buhu, su ne ke ɗaure leda, su ne kuma ke buɗe sito da asuba lokacin da mai gida bai fito ba.